Cutar MS: Gadon da Ba Ya Tabbata, Maganin da Ba a Yasar wa Tsoro

Idan likita ya tabbatar wa mutum cewa yana ɗauke da cutar da ake taƙaita sunanta da MS, tambayoyi biyu ne ke biyo shi gida. Ta farko: shin 'ya'yana za su gada? Ta biyu: wannan maganin da za a ɗora ni a kai shekara da shekaru, ba zai zama wata cutar ba? A ganina, mutane na kambama tsoro na farko, sannan suna barin na biyu ya kai su ga ɓarna.

Cutar tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta afka wa rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, tamkar a ɓare robar wayar lantarki. Daga nan sai gani ya dusashe, ƙafa ta yi nauyi, ko hannu ya mutu na ɗan lokaci. Likitan Faransa Charcot ne ya fayyace ta a 1868. A yau kimanin mutum miliyan 2.8 ke fama da ita, mata sun ninka maza, kuma ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Sikotlan.

Mu da muka saba da gwajin jini kafin aure, da mun ji kalmar gado sai sikila ta faɗo mana a rai. Amma lissafin ya bambanta. A sikila ƙwayar halitta ɗaya ce ke yanke hukunci: AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu. A MS kuwa, ƙwayoyin da ke da hannu sun haura 200, kowace da ɗan tasirinta. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan guda ya kamu, ɗayan kan kamu ne a kusan kashi 25 cikin 100 kawai. Ɗa ko ƙanen mai cutar haɗarinsa bai wuce kashi 2 zuwa 4 ba. Ke nan fiye da 95 cikin 100 za su tsira. Sauran sababan na waje ne: shan taba, ƙarancin bitamin D, ƙiba a ƙuruciya, da ƙwayar Epstein-Barr, wadda binciken Harvard na 2022 kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna tana ninka haɗarin sau 32. Don haka fasa aure saboda uwar yarinya na da MS zalunci ne da ilimi bai goyi bayansa ba.

Tsoron magani kuwa yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. An amince da Tysabri a Amurka a 2004, aka janye shi a farkon 2005 bayan wasu sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa, aka dawo da shi a 2006 bisa tsauraran sharuɗɗa. Yanzu ana gwada jinin majinyaci don gano ƙwayar JC da ke haddasa ta, a auna haɗarin kafin a ci gaba. Aubagio kuma an hana shi ga mai juna biyu don yana iya cutar da ɗan tayi.

Sai dai gudun ƙato kada ya jefa mutum rijiya. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa dakatar da Gilenya na iya sa cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da, har ta bar naƙasa ta dindindin. Matar da ta ajiye ƙwayoyinta a ɓoye don tana son haihuwa, ko don wata 'yar'uwa ta tsorata ta a WhatsApp, ta ɗauki haɗarin da ya fi wanda take gudu. Jijiyar da ta lalace ba kasafai take komawa daidai ba.

Hanyar hankali ita ce a kai tsoron gaban likitan jijiyoyi tun kafin ɗaukar ciki. Akwai magungunan da ake iya sauyawa zuwa gare su, kuma an san tashin cutar kan lafa a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya ƙaru bayan haihuwa, don haka ana iya shiri. A tambaye shi: mene ne haɗarin wannan magani, wane gwaji ke gano shi da wuri, kuma me zai faru idan na daina? Wanda ya samu amsar ukun nan ya fi ƙarfin jita-jita.