Raddi ga Masu Cewa Natsuwar Zuciya Gumin Mutum Ce Shi Kaɗai

Akwai wata da'awa da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka tun shekarun 1960, yanzu kuma littattafai da manhajojin waya sun kai ta ko'ina. Masu ita suna cewa addinin Budda ya fi saukakkun addinai balaga, domin bai ce wa mutum ya jira komai daga sama ba. Zauna, lura da numfashinka, kama linzamin sha'awarka, natsuwa za ta zo maka yadda hatsi ke zuwa wa manomi. Wanda kuwa ya ce da rahamar Ubangiji ya dogara, a wurinsu yaro ne da ya ƙi girma, ya miƙa hannu yana jiran abin da ya kamata ya samo da guminsa. Adalci ya wajabta a fara da abin da suka faɗa daidai. Siddata Gotama, wato Budda, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen ƙarni 5 kafin Annabi Isa (AS), ya bar gidan sarauta, ya yi shekara 6 yana horar da jikinsa da yunwa, daga baya ya koyar a Sarnat cewa tushen wahala ƙishirwar rai ce, ya kuma shimfiɗa hanya mai rassa 8 don kashe ta. Littattafan harshen Pali sun ruwaito cewa wasiyyarsa ta ƙarshe kira ce zuwa ga himma. Ba na musun ko ɗaya. Abin da nake musu shi ne ginin da aka ɗora a kan wannan harsashi.

Suka ce addinin Budda dogaro da kai ne zalla. Tarihin addinin da kansa ya ƙaryata su. Tun ƙarni na 6, wani malami a ƙasar Sin mai suna Tanluwan ya raba hanya biyu, ta ƙarfin kai da ta ƙarfin wani, aka kwatanta ta farko da tafiyar ƙafa a doron ƙasa, ta biyu da shiga jirgin ruwa. Japanawa suna kiran su jiriki da tariki. A shekarar 1175 wani malamin Japan mai suna Honen, bayan ya daɗe yana karatu a tsaunin Hiye da ke kusa da Kiyoto, cibiyar ilimin addinin a zamaninsa, ya yanke cewa mutanen lokacinsa ba za su iya tsallakewa da aikinsu ba, sai da kiran sunan wani Budda da ake ce wa Amida da dogaro da alkawarinsa na ceto. Almajirinsa Shinran, wanda aka haifa a 1173, ya hau wannan tsauni yana ɗan shekara 9, ya shafe shekara 20 yana gwada duk wata riyala da aka sani, ya sauko a 1201 yana shaida cewa sha'awa da fushi da son a yabe shi suna nan yadda ya hau da su. A duba wanda ke wannan magana. Mutumin da ya ba horon kai ƙuruciyarsa duka ne, ba malalacin da ya gudu tun ranar farko ba. Ya kai ga cewa ko imanin da mutum ke kiran sunan da shi kyauta ce, mutum bai ƙirƙire shi ba. Hukuma ta kore shi daga Kiyoto tare da malaminsa a 1207, amma ɗariƙar da ta fito daga koyarwarsa, Jodo Shinshu, tana cikin mafi yawan mabiya a Japan har gobe. Wanda ya share miliyoyin nan daga lissafi don da'awarsa ta tsaya, ya yi wa addinin da yake yabo ƙwange.

A nan dole in yi taka-tsantsan, don kada a ɗauka ina neman tauhidi a inda babu shi. Amida a wurin mabiyansa ba mahalicci ba ne, kuma maganin da Shinran ya kama ba shi ne maganin Musulmi ba. Shaidar da nake karɓa daga gare shi ta gano cuta ce: zuciyar da ke gyara ita ce zuciyar da ke bukatar gyara, ruwan da ya gurɓace kuwa ba ya tace kansa.

Za su ce wannan bidi'ar 'yan baya ce, asalin koyarwar tana wurin mazhabar Terabada ta Sirilanka da Tailan da Bama, inda kowa ke ɗaukar kayansa. To, mu je can. Ƙofar shiga addinin a wurinsu ita ce mutum ya furta cewa ya nemi mafaka wurin Budda, da koyarwarsa, da jama'ar masu zuhudu. Mai neman mafaka ya riga ya amsa cewa shi kaɗai bai isa ba. Dokokin masu zuhudun sun hana su haƙa ƙasa, sun hana su ajiye abinci ya kwana, sun hana su cin abin da ba a miƙa musu ba. Kowace safiya sukan fita da ƙoƙo, mata da manoma su zuba musu shinkafa, da wannan shinkafar ce ake samun ƙarfin zaman tunani. Gotama kansa, bisa ruwayarsu, bai zauna ƙarƙashin bishiyar da ya sami wayewa ba sai da wata mace mai suna Sujata ta ba shi shinkafa da madara. Sannan ga abin da ya fi wannan nauyi. Ɗaya daga ginshiƙan koyarwar shi ne anatta, wato babu wani tabbataccen kai a cikin mutum, tarin abubuwa ne masu tasowa da gushewa bisa sabubba. Idan haka ne, wane kai ne ake alfahari da dogaro da shi? Malaman Terabada suna da amsoshinsu masu zurfi a kan wannan, kuma babu ɗaya daga ciki da ta yi kama da taken zamani na mutum mai gina kansa da kansa. Wannan taken a kasuwar Yamma aka ƙera shi, aka sa masa rigar Gabas.

Suka ce dogaro da rahama yana haifar da kasala. Wannan ita ce hujjarsu mafi rauni, ga shi kuma ita suka fi maimaitawa. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi ya ɗaure ta ya kuma yi tawakkali. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna, har shi Annabin kansa, sai in Allah ya lulluɓe shi da rahama. Su ne kuma suka ruwaito cewa yakan yi tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, da aka tambaye shi dalili ya danganta abin da godiya. Ashe rahama ba ta rage aiki ba, dalilinsa ta sauya, daga ciniki zuwa godiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin ga horar da rai, ya keɓe wani ga tauhidi da tawakkali, bai ga saɓani tsakaninsu ba. Bahaushe ma ya taƙaita zancen da ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ban musanta akwai malalata masu fakewa da ƙaddara ba, amma a jinginar da laifinsu ga tawakkali daidai yake da a jingina wa Budda laifin mai barci a zaman tunani.

Saura batun natsuwar kanta, wadda ita ce ainihin abin da suke tallatawa. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako 8 a asibitin Jami'ar Masacuset, ya ɗauko dabarun lura da numfashi ya cire musu aƙida, don rage wa marasa lafiya damuwa. Mutane da yawa sun amfana, kuma ba ni da dalilin raina abin da ya sauƙaƙa wa mai ciwo. Sai dai saukar bugun zuciya daban, amsar tambayar makoma daban. Natsuwar da aka kafa a kan aikin mutum tana hawa da sauka tare da aikin. Ranar da zaman ya yi kyau, jiji da kai ya leƙo, wanda malamanmu ke kira ujubu, malaman Budda ma sun lissafa girman kai cikin ɗaurin da ke kwancewa a ƙarshen ƙarshe. Ranar da zaman ya lalace, ba wanda za a zarga sai kai, ba kuma wanda za a kai wa kuka. Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a 1309, da wannan ya buɗe littafinsa Hikam, inda ya nuna cewa raguwar fata bayan tuntuɓe ita ke tona asirin wanda ya jingina da aikinsa. Kuma ina tambaya da gaske, domin a nan ne abin ya fi damuna: wane rabo wannan da'awa ta tanadar wa tsohuwar da mantuwa ta cinye hankalinta, ko mai naƙuda, ko wanda zazzaɓi ya hana shi tara tunaninsa na daƙiƙa ɗaya? Hanyar da sai mai lafiya da sarari da malami ke iya bi ta bar mafi yawan 'yan Adam a bakin ƙofa. Honen ya ga wannan, shi ya sa masunta da sojoji da matan da aka raina suka yi tururuwa zuwa gare shi.

Tun kafin Honen ma Japanawa sun san inda ƙarfin kai ke ƙarewa. A 985 malami Genshin ya rubuta yadda ake zama da mai jinyar ajali, al'ada kuma ta yaɗu ta ɗaura zare a hannun gunkin Amida a miƙa wa majinyaci ɗaya bakin. An ruwaito cewa Fujiwara Michinaga, wanda ya juya mulkin Japan a farkon ƙarni na 11, ya aurar da 'ya'yansa ga sarakuna, ya gina katafaren wurin bauta na Hojoji, haka ya cika a cikin ginin nasa, kwance, fuskarsa na kallon yamma, zaren na hannunsa.