Ra'ayinmu: A bar yaran Kano su nemo birninsu da ƙafa

A manyan biranen tarihi na duniya akwai wani wasa da masu yawon buɗe ido suka saba da shi. Ana bai wa mutum takarda, ko saƙo a waya, ɗauke da tambayoyi masu kama da kacici-kacici, shi kuma ya bi gari da ƙafa yana neman amsoshinsu a jikin gine-gine, ba tare da ɗan jagora ba. Idan ya gano wuri sai ya ɗauki hoto, ya nufi na gaba. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a gwada irin wannan farautar tarihi a Kano, kuma dalilinmu ya wuce nishaɗi.

Kayan wasan dai a shirye suke tun ƙarnoni da suka wuce. A ce wa yaro ya nemo dutsen da Barbushe yake hawa a zamanin bautar Tsumburbura, zai tsinci kansa a kan Dala, birnin duka a ƙarƙashin idonsa. A tambaye shi inda ake tsoma farin yadi a rami ya fito shuɗi, sai ya isa marinar Ƙofar Mata ya tarar da masu rini a bakin karofi. Daga nan akwai Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, waɗanda tarihi ya danganta da Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, akwai Gidan Makama, sannan a wajen ganuwa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna.

Abin da ya fi damun mu shi ne ganuwa. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan da suka biyo baya suka faɗaɗa. A 2007 aka shigar da ita jerin wucin gadi na wuraren tarihi da hukumar UNESCO ke dubawa, kuma har yau ba ta tsallake wannan mataki ba. A tsawon wannan jira, ruwan sama ya ci nasa, masu haƙar ƙasa sun ci nasu, wani sashen ya zama juji, wani kuma an yanka shi filaye an dasa shaguna. Da yawa daga ƙofofin an rushe su don faɗaɗa titi, aka sake gina su da siminti. Matashi zai ce wa mai Adaidaita Sahu ya sauke shi a Kabuga ko Gadon Ƙaya, a zuciyarsa sunan tasha kawai ya faɗa.

A nan amfanin wasan yake. Yaron da ya sha rana yana neman ragowar ganuwa tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan Agundi, ya taɓa jar ƙasar da hannunsa, ya zama shaida. Idan aka maimaita wasan kowace shekara da tambayoyi iri ɗaya, hotunan da ɗalibai suka ɗauka za su taru su zama rajistar da ba wanda zai iya musantawa. Ranar da tambaya ta rasa amsa domin abin da ake nema ya ɓace, ita kanta tambayar sai ta koma kan hukuma: wa ya ba da izini, kuma yaushe?

Ba mu manta cewa cikin birni gidajen mutane ne ba. Gidan Rumfa fada ce mai aiki, da iyali a ciki, don haka iyakar mai wasa ƙofar waje. Ɗaukar hoton mutum a lungu ba da izininsa ba rashin tarbiyya ne, ko da sunan tarihi aka yi shi. Masu rinin da za a riƙa tsayar da aikinsu ana yi musu tambayoyi su ma ya kamata su ga wani abu a hannu. Yara ƙanana kuwa ba za a sake su su tsallaka titunan Kano su kaɗai ba.

Aikin ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi, wataƙila ma shi ya sa ba wanda ya yi rawar jiki a kansa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero za su iya zama da masu unguwanni su tsara tambayoyi ashirin, a tantance amsoshinsu, a buga a takarda ɗaya, a kuma saka a intanet kyauta. Hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi ta kafa allo a kowace ƙofa, da Hausar boko da ajami. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jihar da ta fara da makarantun da ke cikin ganuwa a zangon karatu mai zuwa, a lokacin sanyi, kafin wata damina ta sake zaftare abin da ya rage.