RA'AYINMU: Kuɗin Goro a Lissafin Masu Fuka

A cikin shekarar 1977 Gwamnatin Amurka ta fitar da umurni ga ma'aikatunta cewa duk inda za a yi ƙididdigar jama'a, to a ware gurbi guda ga mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashen da ake magana da harshen Sifaniyanci. Su ne ake kira Latino. A ƙidayar 2020 yawansu ya kai miliyan 62, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na ƙasar. Da mutumin Meziko, da na Kyuba, da na tsibirin Puerto Rico, da wanda ya zo jiya da wanda kakanninsa suka rigayi ƙasar Amurka kanta zama a wurin, duk aka zuba su a ƙwarya ɗaya. Mu a ganinmu wannan kuɗin goro ya cuci dubban yara, kuma ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma, shi ya fi kowane abu tona asirin cutarwar.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da yaro mai fuka ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hanyoyin da iska ke bi cikin huhu su ne ke kumbura, su tsuke, majina ta cika su, sai ka ji ƙirji yana fito, yaro yana neman numfashi kamar wanda aka danne wa wuya. Hayaƙi kan tayar da ita, haka ƙura, da sanyi, da fumfuna. Ba ta warkewa ɗungum, amma da magani mai kyau yaro yakan yi wasansa da karatunsa kamar kowa.

To, idan aka dubi alƙaluman Latino a dunƙule, sai a ga kamar babu wata matsala ta musamman, domin yawan masu fuka a cikin yaransu bai yi wa na Turawa fararen fata nisa ba. Amma a shekarar 2006 wasu masana suka warware ƙullin, suka dubi kowane jinsi shi kaɗai, ta amfani da binciken lafiya na ƙasa na 1997 zuwa 2001. Ga abin da ya fito: a cikin yaran da asalinsu Puerto Rico ne, kashi 26 cikin ɗari likita ya taɓa tabbatar musu da fuka. Baƙaƙen fata kashi 16, Turawa kashi 13, 'yan asalin Meziko kuwa kashi 10. Ashe waɗanda suka fi kowa fama da waɗanda suka fi kowa sauƙi, dukkansu suna ƙarƙashin suna ɗaya. Da yake 'yan Meziko sun kai wajen kashi 60 cikin ɗari na Latino, 'yan Puerto Rico kuwa ba su wuce kashi 10 ba, sai yawan na farko ya shanye wahalar na biyu, lissafi ya fito fes, ofis ya kwanta barci.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa ai talauci ne kawai, ko rashin takardun zama. Mutanen Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917, kuma sun fi 'yan Meziko samun inshorar lafiya. Sai dai muna ajiye wata ayar tambaya a kan kashi 10 ɗin nan, gama yaron da bai taɓa ganin likita ba, babu wanda zai rubuta cewa yana da fuka, ko da kuwa kullum a zaune yake kwana.

Ruwa ba ya tsami banza. A birnin Niyok, inda mutanen Puerto Rico suka yi ta kwarara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun fi taruwa a Gabashin Harlem da Kudancin Bronx. A shekarar 1948 aka fara gina babban titin nan na Cross Bronx, a ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, aka rushe gidajen dubban iyalai, aka ratsa tsakiyar unguwanni da shi. Wasu manyan tituna biyu, Bruckner da Major Deegan, suka kewaye sauran ɓangarorin. A wannan yanki akwai kasuwar abinci ta Hunts Point, wadda tana cikin mafiya girma a duniya, inda dubban manyan motoci masu shan dizal ke shiga da fita dare da rana. Nan ne kuma aka jibge tashoshin tara shara na birnin. Har mazauna wurin suka raɗa wa unguwarsu suna lungun fuka. Titin an yi shi ne domin masu wucewa, abincin kasuwar na birni duka ne, shara ma ta kowa ce, amma hayaƙin ya tsaya a huhun 'ya'yan talakawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Kowanne akwai ma'aikacin da ya zana taswirarsa, akwai wanda ya sa hannu.

Cikin gida ma ba a tsira ba. Wani babban bincike da aka buga a 1997 kan yaran unguwannin talakawa na biranen Amurka ya nuna cewa yaron da jikinsa ba ya shiri da kyankyaso, kuma yake kwana a ɗakin da kyankyasai suka yi yawa, ana kwantar da shi asibiti wajen ninki uku na sauran masu fuka. Ga kuma bango mai yoyo da fumfuna. A 2013 masu haya suka kai hukumar gidajen gwamnati ta birnin Niyok ƙara a kan fumfuna, hukumar ta yi alkawarin gyara, bayan shekara biyu alƙali ya same ta ba ta cika ba, har ya sa a naɗa mai sa mata ido.

Amma fa gaskiya ta sa mu faɗi cewa Bronx ba ta ƙare zancen ba. A tsibirin kansa, nesa da titin Robert Moses, fuka tana da yawa ƙwarai. Dakta Esteban Burchard na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco da abokan aikinsa sun gano tun 2004 cewa maganin shaƙa na albuterol, wanda shi ne na farko da ake ba mai fuka in ta tashi, bai buɗe ƙirjin yaran Puerto Rico kamar yadda yake buɗe na yaran Meziko ba. Saboda haka gado yana da nasa kaso. Sai dai muna jin tsoron yadda hukumomi ke son wannan bayani, domin gado ba shi da ofishin da za a kai wa kuka, alhali kuwa bango mai yoyo yana da mai shi. Kuma ko gadon ma, ba a gano shi ba sai da wani ya ƙi yarda da gurbi guda, ya raba yaran gida biyu ya gwada.

Wani zai ce ina ruwanmu da yaran Bronx? Ruwanmu shi ne da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla gobe su ne masu zana takardun cikewa a asibitoci da ma'aikatu, su ne masu haɗa rahoton shekara da za a raba kuɗi a kansa. Wanda ya haɗa birni da ƙauye, ko unguwar ma'aikata da bayan tasha, ya fitar da adadi ɗaya, ya yi abin da aka yi wa yaran Puerto Rico, ko da bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun kafin masana su yi ƙididdiga, matasan Puerto Rico na ƙungiyar Young Lords, waɗanda da yawansu sa'o'inmu ne, ɗalibai a cikinsu, sun san unguwarsu na ciwo. A 1969 suka tare titunan Gabashin Harlem da sharar da hukuma ta ƙi kwashewa, suka bi gida gida suna gwada yara ko gubar dalma ta shiga jikinsu. A 1970 suka ƙwace motar hoton ƙirji ta birnin suka kai ta inda masu tarin fuka suke, sa'an nan suka mamaye asibitin Lincoln da ke Kudancin Bronx. Ba asma suka fito yaƙa ba, kuma ba kowace hanya tasu muke yabawa ba, amma sun fara ne daga ƙofar gida suna ƙirga mutane ɗaya ɗaya.

Ita kuwa Gwamnatin Amurka, sai a watan Maris na 2024 ta sake fasalin umurninta, ta ce ma'aikatu su riƙa tambayar mutum ko asalinsa Meziko ne, ko Puerto Rico, ko Kyuba, ko wata ƙasa. Shekara 47 ke nan bayan 1977, lokacin da yaran da aka fara ɓoyewa a cikin lissafin sun riga sun haifi nasu masu fukar.