Sharhi: Sayen ƙaramin jirgin alfarma ya fi riƙe shi sauƙi

Tun da Hukumar Kwastam ta ƙaddamar da tantance takardun jiragen sama masu zaman kansu a watan Yunin 2024, domin gano waɗanda aka shigo da su ba tare da biyan haraji ba, batun jiragen attajirai ya zama abin tattaunawa a kasuwanni da ofisoshi. A shekarar ce kuma hukumar NCAA mai kula da sufurin sama ta dakatar da izinin wasu da aka samu suna yin haya da jiragensu ba bisa ƙa'ida ba. Abin tambaya shi ne, me zai sa wanda ya iya sayen jirgi ya koma neman kuɗin haya a ɓoye? Amsar na bayyana idan aka auna jirage huɗu da ke matakin farko a wannan kasuwa.

Mafi araha shi ne Cirrus Vision Jet na Amurka, wanda sabonsa ya ɗan haura dala miliyan 3. Injinsa ɗaya ne, gudunsa bai kai kilomita 600 a sa'a ba, amma yana da lema da za ta sauko da jirgin ɗungurungum idan ya samu matsala a sama. Sai Phenom 100EX na kamfanin Embraer da ke Brazil, mai kimanin dala miliyan 5, da Citation M2 Gen2 na kamfanin Textron, mai kusan miliyan 6. Dukansu biyun injina bibbiyu gare su, kuma suna gudun kimanin kilomita 750 a sa'a. HondaJet Elite II, wanda aka ɗora injinansa a saman fukafukai, shi ne mafi tsada da kusan dala miliyan 7, shi ne kuma mafi sauri, yana kai kilomita 780 a sa'a, yana hawa har ƙafa 43,000.

Ta fuskar nisan zango, HondaJet da M2 kan ci kusan kilomita 2,870 kafin su sake shan mai, Phenom kuwa kusan 2,200. Tsakanin Kano da Legas bai kai kilomita 900 ta sama ba, don haka kowannensu zai wadatar a cikin gida. Sai dai babu wanda zai kai Jidda daga Kano, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, ba tare da ya ya da zango ba. Waɗannan alƙaluma ma na fasinjoji kaɗan ne. Idan aka cika kujeru da kaya, dole a rage mai. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri shi ma yana rage nauyin da jirgi zai iya tashi da shi.

Batun jin daɗi kuwa, sunan alfarma ya fi abin da ke ciki girma. Babu jirgi ɗaya cikin huɗun da baligi zai miƙe tsaye sosai a cikinsa, domin rufin mafi tsayinsu bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Phenom da HondaJet suna da keɓaɓɓen makewayi a baya, kuma mutum huɗu zuwa biyar ne za su zauna a sake.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗawainiya. Idan aka lissafa dala a naira 1,500, jirgin dala miliyan 5 ya kama naira biliyan 7.5, kafin harajin kwastam. Bayan nan akwai inshora, da albashin matuƙa, da horon da suke sabuntawa a ƙasashen waje, da kuɗin rumfar ajiya, da kayan gyara. Yawancin wannan da dala ake biya, alhali tun watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, dala ta ninka fiye da sau biyu. Kuma ko jirgi ya tashi ko yana ajiye, akasarin waɗannan kuɗaɗe ba sa tsayawa. Wannan ne ke tura wasu ga hayar bayan fage, wadda ke tauye kuɗin shigar gwamnati, tana kuma jefa fasinja cikin haɗarin hawa jirgin da inshorarsa ba lallai ta shafi haya ba.

Saboda haka ma'aunin da ya dace ga ɗan kasuwa shi ne yawan sa'o'in da zai yi a sama cikin shekara. Wanda tafiyarsa ba ta wuce sau biyu ko uku a wata ba, shatar jirgi daga kamfani mai lasisi ta fi masa riba. Irin wannan lissafi ne kuma ya kamata ma'aikacin gwamnati ya nema duk ranar da takardar sayen jirgi da kuɗin jama'a ta iso teburinsa: sa'a nawa zai tashi, kuma daga wane asusu za a riƙa biyan ɗawainiyarsa kowace shekara.