Sharon: Ko maganinta na jikin tumatirin daji na ƙasar Peru?

Tun 2016, lokacin da tsutsar sharon ta cinye gonakin tumatir har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, masana'antar Dangote ta Kadawa kuma ta tsaya, masu noman rani daga Bilbis zuwa Bungudu ba su da makami sai feshi. Matsalar ita ce tsutsar na shigewa cikin ganye, kuma tana saurin sabawa da guba.

Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, inda tumatir kansa ya samo asali. A can, a ƙasashen Peru da Ekwado, akwai wani ɗan'uwan tumatir na daji, Solanum habrochaites, mai gashi a ganye da ke fitar da sinadarin korar ƙwari. 'Ya'yansa ƙanana ne, kore shar, ba mai saye a kasuwar Tsafe. Darajarsa tana wajen barbara da irin gida.

Aikin na cin shekaru, domin juriyar kan zo tare da ƙarancin yabanya, sai an yi ta tacewa. Aiki ne na cibiyoyi irin su NIHORT, in gwamnati ta ba su kuɗin da take kashewa kan rabon maganin feshi.