RA'AYINMU: Kafin ka zuba kuɗin koyon tuƙi, gwada malamin tukuna

Idan aka gama cinikin auduga a Mayo-Rey, kuɗi suka ɗan shigo hannu, akan ga matasa daga Rey Bouba, Tcholliré da Touboro suna haramar tafiya Garwa neman lasisin tuƙi, wanda a nan aka fi sani da permi. Wani kuɗin gonarsa ne na shekara guda, wani kuma ɗan bijimi mahaifinsa ya sayar. Yaro zai sauka a tasha, ya tambayi ɗan acaɓa ina oto-ekol mafi kusa, ya shiga, ya biya kuɗin gaba ɗaya, sai daga baya ya gano irin hannun da ya faɗa. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma lokaci ya yi da za a daina shi.

Matsayin wannan jarida shi ne: duk mai neman koyon tuƙi ya nemi darasin gwaji na awa ɗaya kafin ya biya cikakken kuɗi, ko da zai biya kuɗin wannan awar daban. Amma fa a fahimci manufar. Mutane da yawa suna ɗauka ranar gwaji rana ce ta auna ɗalibi, a ga ko yana da kai. A'a. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba dole mota ta mutu a hannunsa, wannan ba abin kunya ba ne. Malamin ake gwadawa, da motarsa, da makarantarsa.

Ya kamata a tuna abin da ke kan layi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke da mafi munin ƙididdiga idan aka kwatanta da yawan jama'a. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A nan Kamaru ba a manta da 27 ga Janairun 2021 ba, ranar da motar safa ta yi karo da wata mota mai ɗauke da man fetur a gangaren Dschang, mutum 53 suka rasu. Mu a Arewa muna da namu gangaren a kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Garwa da Ngaundare, inda direban da bai iya saukowa da giya ba, ya dogara da birki kaɗai, yake wasa da ransa da na fasinjojinsa. Direban da zai bi wannan hanyar gobe, yau yana zaune a gefen wani malami. Abin da malamin ya koya masa, ko ya ƙi koya masa, shi zai bi shi har can.

To me ake dubawa a wannan awa ɗaya? Da farko, tun kafin a tayar da mota, a nemi ganin takardar amincewar Ma'aikatar Sufuri. Ta hannun makarantar da ma'aikatar ta amince da ita ake shiga jarrabawar permi, kuma ofishin ma'aikatar da ke Garwa yana nan ga mai son tabbatarwa. Makarantar da ta fara kame-kame a kan wannan tambaya ta riga ta ba ka amsa.

Sai motar. Shin akwai birki da kuloci a gefen malami, yadda zai iya tsayar da mota idan ɗalibi ya rikice? Madubai suna nan? Bel yana aiki, kuma malamin da kansa ya ɗaura? Malamin da bai ɗaura bel ba, ko yake amsa waya yana koyarwa, ya koya maka darasin farko tun bai buɗe baki ba, kuma mummunan darasi ne.

Sai halin malamin. Idan mota ta mutu sau uku a jere, tsawa yake yi ko bayani? Yana faɗa maka dalilin da ya sa ake sakin kuloci a hankali, ko kuwa «yi kaza, bar kaza» kawai? Da wane harshe yake bayani? Jarrabawar dokokin hanya da Faransanci ko Ingilishi ake yinta, amma yaron da ya taso a Rey Bouba da Fulatanci ko Hausa zai fi ganewa. Malami nagari shi ne wanda zai fayyace alamar hanya da harshen da ɗalibi ke ji, sannan ya ba shi sunanta na Faransanci don jarrabawa. Ga mata kuma, da iyaye ko mazajensu, wannan awar ce damar ganin ko malamin yana da kamun kai, ko kuma a nemi mace ta koyar idan akwai.

A ƙarshe a ƙirga mintuna. Awa ɗaya da aka cusa ɗalibai huɗu a mota ɗaya, kowa ya riƙe sitiyari minti 15, ba awa ɗaya ba ce.

Gaskiya ne darasin gwaji yana da nasa rauni. Wata makarantar za ta fito da motarta mafi kyau da malaminta mafi haƙuri a ranar, kamar mai sayar da gyaɗa da ke ɗora manya a saman mudu. Ka biya, washegari a haɗa ka da wani yaro da wata akwala. Maganin wannan shi ne a yi magana a fili: wannan malamin ne zai ci gaba da ni? Wannan motar ce? Awa nawa zan yi a kan titi, awa nawa a aji? Kuɗin ya haɗa da na takardun jarrabawa ko daban ne? A rubuta, a karɓi rasit, a biya kashi-kashi. Sannan a tambayi mutum biyu ko uku da suka gama a wurin, ba waɗanda makarantar ta zaɓo maka ba.

Wasu za su ce ai mu a tasha muka koya, muna yaran mota, kuma ga mu nan shekara da shekaru. Ba mu raina wannan ba. Yaron motar da ya yi damina uku a hanyar Guidjiba zuwa Tcholliré ya san taɓo da rami fiye da malamai da yawa na cikin gari. Sai dai maigidansa bai koya masa dokokin hanya ba, wataƙila shi ma bai sani ba, kuma munanan ɗabi'u ma gadonsu ake yi. Irin wannan yaron ya fi kowa cin ribar darasin gwaji, domin malami mai gaskiya zai gaya masa abin da ya iya da abin da ya rage, maimakon ya karɓi kuɗin fara daga tushe.

Akwai tayin da ya kamata a gudu daga gare shi ko da a rana ta farko ce: «Kawo kuɗi kawai, permi zai fito, ba sai ka wahala ba.» Wanda ya sayar maka da takarda ba tare da ilimi ba, ba taimakonka ya yi ba. Jandarma zai iya duba takardar ya bar ka ka wuce, amma tirela mai tahowa ba ta karanta permi.

Muna kira ga masu makarantun tuƙi na Garwa da su mayar da darasin gwaji al'ada, su sa masa farashi mai sauƙi, su liƙa shi a bango tare da sauran kuɗaɗensu. Wanda ya yarda da aikinsa ba ya tsoron a gwada shi. Ofishin Ma'aikatar Sufuri kuma ya riƙa isar da jerin makarantun da aka amince da su zuwa ƙananan hukumomin Mayo-Rey, a liƙa a ofisoshi da tashoshin mota, a karanta a rediyo da Fulatanci da Hausa, don kada sai mutum ya kashe kuɗin mota ya zo Garwa kafin ya sani. Iyaye kuma, kada a damƙa wa yaro kuɗin shekara a ce ya je ya nemo. A haɗa shi da wani babba da ya san gari, ya zauna a kujerar baya a wannan awa ta farko, ya buɗe ido da kunne.