Ginin da Ba a Rubuta Ba, Na Wane Ne?

Abin da masu kwamfuta ke kira "gajimare" manya-manyan ɗakunan na'urori ne da kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google ke bayarwa haya. Tun daga 2006, lokacin da Amazon ta buɗe wannan kasuwa, duk mai katin banki yana iya hayar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet tana amsa wa masu ziyara, ba tare da ya taɓa ganinta da ido ba. Wannan sauƙi shi ya haifi al'adar da nake jayayya da ita. Injiniya ya buɗe shafin masu haya, ya danna nan ya ƙirƙiri sabar, ya danna can ya buɗe ƙofa, ya yi ta gyare-gyare da hannu har shafi ya tashi. A yi masa jinjina a watse, ba wanda ya tambaye shi ko ya rubuta abin da ya yi.

Ma'aikatar da aka yi wa gini ta wannan hanya ba ta mallaki komai ba. Injiniyan ne ya mallaka, shi ma iyakar abin da bai manta ba.

Mai ganin na kai maganar nesa ya dubi abin da ya sami Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannayen jari a Amurka, ranar 1 ga Agusta, 2012. An ɗora wa wani ma'aikaci sanya sabuwar manhaja a kan sabobi takwas. Ya sanya wa bakwai, ta takwas ta kuɓuce masa, kuma babu mutum na biyu da ya duba aikin. Da kasuwa ta buɗe, ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi shekaru da dama, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Zalunci ne a jibga wa ma'aikacin laifin. Ɗan Adam ajizi ne. Tsarin da ya jingina dukiya mai yawan haka ga tunawar mutum ɗaya shi ya cancanci tuhuma.

Maganin ya daɗe da samuwa, shi ne a rubuta ginin kamar yadda ake rubuta manhaja. Injiniya ya zauna ya bayyana abin da ake so a cikin fayil: sabobi uku masu ƙarfi kaza, a yanki kaza, ƙofa mai lamba 443 a buɗe ga kowa, rumbun bayanai kuwa a killace. Sai ya miƙa fayil ɗin ga manhaja irin Terraform, ita kuma ta gwada rubutun da abin da ke ƙasa, ta jero abin da za ta ƙara da wanda za ta sauya da wanda za ta rushe, ta dakata har sai an amince. Ana ajiye fayil ɗin a Git, inda kowane gyara ke ɗauke da sunan mai shi da ranar da ya yi. Ba kuma sabon yayi ba ne: Mark Burgess ya fito da CFEngine tun 1993, Puppet ta biyo a 2005, Ansible a 2012, Terraform a 2014.

Masu kare aikin hannu suna cewa rubutun na cin lokaci. Gaskiya ne, a rana ta farko. Amma a tambaye su game da rana irin 10 ga Maris, 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, shafuka miliyoyi suka ɗauke. A irin wannan rana, mai rubutaccen gini da kwafin bayanansa a wani wuri yana iya sake tayar da komai a wata cibiya. Mai dannawa kuwa sai ya dafe kai yana lalubo abin da ya danna shekaru uku baya.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi: kuskure ɗaya a fayil yana iya bazuwa kan sabobi ɗari a lokaci guda. Haka ne. Sai dai kuskuren da ke rubuce ana iya karanta shi kafin ya yi ɓarna, aboki ya gani ya ce a dakata, in ma ya wuce a koma ga rubutun jiya. Wa zai karanta dannawar da aka yi da tsakar dare? Akwai kuma masu tsoron zama bayin kamfani ɗaya, suna nuni da yadda HashiCorp ta sauya lasisin Terraform a watan Agustan 2023. To, me ya biyo baya? Jama'a suka ɗauki tsohon tushen manhajar suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Linux Foundation, masu fayiloli suka samu inda za su koma da rubutunsu.

Dalilin da ba a so a faɗa shi ne, aikin hannu yana mayar da injiniya mutumin da ba a iya rabuwa da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wasu sun fi son ɗakin ya ci gaba da yoyo matuƙar su kaɗai suka san wurin. A ƙasa irin Najeriya, inda makarantu da ma'aikatu ke ba 'yan kwangila ginin shafukansu, abin ya fi ciwo: ɗan kwangila ya tafi, sabar gwajin da ya manta tana ta cin kuɗi kowane wata, ba wanda ya kuskura ya kashe ta don ba a san abin da ke jingine da ita ba.

Don haka shugabanni nake kira, ko da ba su san harshen kwamfuta ba. Su sanya a takardar kwangila cewa fayilolin ginin na ma'aikata ne, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai wani injiniya dabam ya ɗauki fayilolin nan kaɗai, ya sake tayar da shafin tun daga tushe, mai kwangilar yana zaune hannunsa a naɗe.